Dokin Ƙarfe a Bakin Ruwa: Tarihin Keke a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Idan aka ce za a ba da tarihin wata ƙasa, abin da aka saba shi ne a jero sarakunanta da yaƙe-yaƙensu, a faɗi wane ya gaji wane, sa'an nan a rufe littafi. Wannan hanya tana da amfaninta, sai dai talaka bai cika ganin fuskarsa a cikinta ba. Ni kuwa a wannan ɗan rubutu so nake in shiga ta wata ƙofa daban, watau in ɗauki keke, abin hawan da kowa ya raina, in duba yadda ya shigo yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun, da yadda madatsar ruwa ta Bakolori ta sake masa aiki, da dalilin da ya sa har yau ya ƙi mutuwa a ƙauyuka irin su Dosara, ko da yake an sha haƙa masa kabari. Abin da na lura da shi shi ne, duk lokacin da wani babban shiri ya zo ya yi wa manomin wannan yanki alkawari ya saɓa, kan sirdin keke manomin yake komawa.

Sunansa da asalinsa

Tun da yake ɗaliban Hausa ne mu, bari mu fara da suna. Bahaushe yana da sunaye uku na wannan abin hawa. Akwai basukur, wanda kowa ya ji shi ya san daga bakin Turawan Ingila aka karɓo shi aka gyara masa zama. Akwai laulawa, wadda yanzu sai a bakin dattawa ake jin ta. Sa'an nan akwai keke, wanda ya danne sauran biyun, shi kuwa daga Yarbanci muka aro shi. Wannan aro kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu hanyar da abin ya biyo: ta teku ya sauka Ikko, ya kwana a hannun Yarbawa, kafin ya hauro Arewa. Da kalmar ta zauna kuwa sai ta yi 'ya'ya, aka sami keken ɗinki da keken guragu, har zuwa Keke Napep na zamanin Obasanjo.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka raba wa sassan jikinsa suna. Taya da birki da feda da kariya da giya da faci duk baƙi ne, da keken suka zo. Amma wurin zama sai Bahaushe ya ce sirdi, ya ce ana hawansa, ya yi masa kirari da dokin ƙarfe. In ka ɗauki wani a baya kuwa, goyo ka yi, kamar uwa da jinjiri. Watau tun ran farko Bahaushe ya ajiye keke a turken doki, dabbar da a da sai sarakuna da attajirai ke ɗaure ta a ƙofar gida. Talakan da ubansa bai wuce jaki ba ya sami dokin da ba ya cin harawa, ba ya neman ɗan barga.

Asalin keke dai Turai ne. A 1817 wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera ƙafa biyu na katako da mutum ke zama a kai yana tura ƙasa da ƙafafunsa. A shekarun 1860 aka sa masa feda a birnin Paris. Siffar da muka sani yau, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da kaca mai juya ƙafar baya, John Kemp Starley ne ya fitar da ita a Coventry ta Ingila a 1885, bayan shekara uku kuma John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Kada mai karatu ya ɗauka Afirka ba ta da hannu a wannan ci gaba. Kwaɗayin robar yin taya yana cikin abin da ya jawo azabar da aka gana wa mutanen Kwango a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, inda aka riƙa yanke wa mutane hannu a kan roba. Mun biya kuɗin keke tun kafin mu hau shi.

Daga tashar jirgi zuwa ƙofar gida

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau kuma ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Wannan reshe domin auduga da gyaɗa aka shimfiɗa shi, amma taragon da ya sauka kudu da buhuna ba ya dawowa wayam, yakan dawo da atamfa da gishiri da kananzir da kwanon rufi da keke. Gusau ta zama gari mai kantunan kamfanonin Turawa, Talata Mafara kuwa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Gusau da Sakkwato, ga ta da kasuwar Talata wadda garin ya ci sunanta. Ta wannan hanya keke ya gangaro yankinmu.

Masu albashi ne suka fara hawansa: malaman makaranta, malaman gona, malaman asibiti, dubagari, masinjojin En'e, sai kuma masu sayen auduga da gyaɗa a madadin kamfanoni. Kakana, Allah ya jiƙansa, yakan ce a ƙuruciyarsu in aka hangi ƙyallin keke daga nesa ya nufo ƙauye, tsofaffi sukan fara lissafin laifinsu, don sun san ko haraji ne ko allurar shanu ko duba tsabtar gida. Sai daga baya, da manoma suka fara riƙe kuɗin kaka a hannu, keke ya fita daga hannun hukuma ya shiga hannun jama'a. Duk da haka hukuma ba ta sake shi gaba ɗaya ba. Sai ka yanki lasin an ba ka lamba ka maƙala, in kuwa ɗan doka ya kama ka da dare ba fitila, ka shiga uku.

Sarkin kekuna a wancan zamani shi ne Raleigh, ɗan birnin Nottingham, baƙi, mai nauyi, mai birkin sanda. Kamfanin ya yi wata shahararriyar talla a Afirka, ta hoton wani mutum a kan keke yana dariya zaki na bin sa bai cim masa ba. Ban ga alamar wani Bamafare ya sayi keke don tsoron zaki ba. Abin da ya sa ya saya shi ne, keken yana ɗaukar buhun hatsi a kariya, da mutum a kan sanda, ya shekara ashirin ana faci ana ɗauri bai ce uffan ba. A shekarun 1970 Nijeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, har aka riƙa harhaɗa shi a masana'anta a Kano. Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka biyo baya da sauƙin kuɗi, suka kai keke gidajen da Raleigh bai iya shiga ba.

Keke ya haifar da sana'o'i. Ga mai faci a gindin bishiya da kwanon ruwansa na neman huji, ga mai ba da haya wanda yara ke kai wa kwabbai su yi zagaye, su dawo da gwiwa a ƙuje. Ƙafar keken da ta mutu ma ba a yar da ita, ita ce gargaren da yara ke korawa. Samari kuwa suka mai da shi abin ado, a naɗe shi da roba mai launi, a sa madubai da ƙararrawa biyu, a tafi zance. Ranar 2 ga Afrilu 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, masu keke su ma sai da suka sake koyon hanya, kuma su ne ba su da ƙarfen da zai kare su in wani direba ya manta.

Ranar da teku ta zo Zamfara

A nan ne tarihin keke a yankinmu ya rabu da na sauran ƙasar Hausa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A 1969 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a yi madatsar ruwa matsakaiciya a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai gwamnatin soja ta ga ƙaramin abu bai dace da ita ba. Aka ba kamfanin Impresit na Italiya, ɗan gidan Fiat, kwangila. An fara aiki a 1974, aka gama bangon a 1978. Tsawonsa ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ya taru a bayansa yana ɗaukar ruwa mita miliyan 450 na awon murabba'i mai zurfi, ya mamaye hekta 8,000, ya miƙe kimanin kilomita 19 yana bin gulbi. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi a cike da damina ba suka wayi gari ga ruwa iya ganinsu, har da igiya in iska ta taso.

Amma ƙarƙashin wannan ruwa akwai gidaje da gonaki da fadamu da kaburburan iyaye. Kimanin mutum 13,000 aka tasa, cikinsu har da mutanen tsohuwar Maradun, aka kai su sababbin matsugunai a kan tudu. A ƙasan madatsar kuma, inda Dosara da Birnin Tudu da sauran ƙauyukan da ke cikin filin noman rani suke, aka karɓe gonaki don a baje su a haƙa magudanai, aka sare itatuwan amfani, manoma suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuwa ta zama sai wanda ya gani. Da haƙuri ya ƙare manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, Birnin Tudu ta fi kowa ɗanɗanawa. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Lissafin da ya fito daga wajen gwamnati ya ce 386. Masana irin su Yusufu Bala Usman da Bjorn Beckman sun yi rubutu a kan wannan ta'asa, kuma ya kamata kowane ɗalibi ɗan wannan yanki ya neme su ya karanta.

To, ina ruwan keke da wannan? Ruwansa babba ne. Kafin madatsa, manomin bakin gulbi yana da gonar tudu a bayan gida, da fadama a gaban gida, duk tafiyar ƙafa ce. Bayan madatsa, wanda aka tasa ya sami kansa nesa da ƙasa mai kyau, wanda ke cikin filin aikin kuma aka mayar masa da gona inda ma'aunin injiniya ya ga dama. Nisa ya shiga tsakanin mutum da abincinsa. Daga nan keke ya tashi daga kayan ado ya koma kayan noma, sahu ɗaya da fartanya da lauje. Kuma ba da niyya ba, kamfanin ya yi wa masu keke alheri guda: hanyoyin da aka yi a gefen manyan magudanai domin motocin ma'aikata, shimfiɗaɗɗu, miƙaƙƙu, su ne suka zama titunan keke na yankin. Motocin ma'aikatan sun daɗe da ruɓewa, masu keke na nan suna bi.

Alkawarin da aka yi shi ne za a shayar da hekta 23,000. Kaso mafi girma an shirya shi ne da injunan feshin ruwa masu aiki da lantarki, su kuwa ba su yi tsawon rai ba. Zuwa 2003 abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, watau wajen da ruwa ke gangarowa da kansa ba da taimakon inji ba. Sai a shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, aka waiwayi gyaran magudanan. Mai karatu ya lura: a cikin aikin nan duka, abin da ke jiran lantarki da kayan gyara daga Turai ya mutu, abin da ke tafiya da gangare ko da ƙarfin cinya ya rayu.

Zaman bakin ruwa shi ma ya zo da nasa hali. Masunta suka sami wurin jefa koma da kwale-kwale, tarwaɗa da karfasa suka riƙa fitowa daga tafki, kuma a kariyar keke kifin ke isa kasuwa da sassafe kafin rana ta taɓa shi. Shinkafa da tumatir da albasa da dankali da rake na filin aikin su ma haka. Amma ruwan da ba ya ƙafewa ya kawo sauro rani da damina, ya kawo tsargiya ga yaran da ke wanka a magudanai, ciyawar kacalla kuma ta toshe wasu hanyoyin ruwan. Mutanen da ke can ƙasa da filin aikin, waɗanda ambaliyar gulbi ke shayar da fadamunsu kowace shekara, su kuwa sai suka ga ambaliyar ta ragu, shinkafar fadama da kifi suka ja baya.

Keken hawan dutse

Wani abin mamaki shi ne, a daidai shekarun da ake gina Bakolori, wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka tsiri ɗauko tsofaffin kekuna masu kauri suna gangarowa da su daga kan tsaunin Tamalpais don nishaɗi. A 1976 suka fara tseren da suka kira Repack. A 1977 Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin wannan wasa, su Gary Fisher da Tom Ritchey suka mai da abin kasuwanci, a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper ga jama'a. A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta. Ni dai duk lokacin da na karanta wannan labari sai in yi murmushi. Abin da suka gano suna wasa, watau keke mai ƙarfi yana iya barin kwalta ya bi tsakuwa da kwazazzabo, mai kai itace kasuwa daga jejin Maradun ya daɗe da saninsa, shi da buhu a baya, ba kuma wanda ya ba shi lambar yabo.

Waɗannan kekuna masu giya da faɗin taya sun iso mana ne bayan masu su sun gaji da su. Gwanjo ne, ana sauke su a tashoshin ruwan Kwatano da Ikko, su hauro a kan tirela. Watau har yau ta bakin teku keke ke zuwa mana, kamar farko, bambancin kawai a da sabo ne ake haɗawa a Kano, yanzu kuwa masana'antar Kano ta bi sahun 'yan'uwanta da suka durƙushe. Dattawa ba su cika yarda da keke mai giya ba, sukan ce ba ya ɗaukar kaya, kuma in giyar ta lalace mai facin ƙauye sai ya cire ta ya mai da shi na gargajiya. Samari da 'yan makaranta ne suka rungume shi.

Sau biyu aka ce keke ya ƙare. Na farko bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kowane ma'aikaci ya jingine Raleigh ya sayi Honda ko Vespa. Tsuke bakin aljihu na 1986 ya mayar da da yawansu kan feda. Na biyu a shekarun 2000, da baburan Sin da Indiya suka cika ƙasa, kabu-kabu ya shiga kowane lungu, hawan keke ya zama alamar rashi. Sai ga shi babur ɗin nan ya zama abin hawan 'yan bindigar daji. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a jihar. Wanda ya ajiye tsohon keke a zaure shi ya iya kai marar lafiya asibiti, shi ya iya kai saƙo ƙauyen gaba. Bayan an janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Masu faci da suka fara tunanin sake sana'a suka ga layi a gindin bishiyarsu.

Wani abokina

A wannan zango na ƙarshe ne abokina ya yi rayuwarsa. Ba zan kama sunansa ba, don mahaifiyarsa na da rai, kuma ba ta son a riƙa tayar mata da miki. Ɗan Dosara ne, tare muka yi sakandare. Da kuɗin yankan shinkafa na kaka biyu ya sayi keke mai giya na gwanjo, shuɗi, da sauran rubutun wani shagon Turai a jikinsa wanda ba mu taɓa iya karantawa ba. Shi ne mutum na farko da na sani wanda ke hawan keke ba don zai je wani wuri ba. Ranar da ba makaranta yakan bi gefen magudana har bakin madatsa, ya tsaya ya kalli masunta, sa'an nan ya nemi hawa mafi tsakuwa ya ce sai ya ga ƙarshensa. In na gaji na sauka ina turawa, sai in hango shi can sama zaune a kan dutse yana jira na, yana cin rake.

Wani tsohon mai faci da muke zama wurinsa ya taɓa ce masa, "Kai yaro, wannan wahala da kake ba kanka, wa zai biya ka?" Ya ce, "Baba, ai daga can sama ana ganin ruwan duka, har inda kuka ce garinku yake a da." Tsohon bai ƙara magana ba, ya sunkuya ya ci gaba da goga tayarsa. Daga wannan rana bai sake karɓar kuɗin iska a hannunsa ba.

Da wayar giyarsa ta tsinke aka rasa irinta a kasuwa, da wayar birkin babur ya gyara ta, ta kuwa yi aiki. Lokacin da aka katse waya a 2021, shi ne ya zama gidan wayar unguwarsu, yana kai labarin haihuwa da rasuwa tsakanin Dosara da Mafara, yana sayo wa tsofaffi magani. Burinsa ya karanta aikin injiniya, ya ce yana so ya gane dalilin da ya sa injunan feshin nan suka mutu.

Ya rasu a 2022, wata ranar Talata da yamma, bai cika shekara ashirin ba. Tun da rashin tsaro ya yi tsanani, ba mai yarda magariba ta same shi a hanya, saboda haka da la'asar kowa ke ficewa daga kasuwa a guje, manyan motoci da babura da amalanke da masu keke duk a kan kwalta ɗaya wadda ba a bar wa mai feda ko taki ɗaya a gefenta ba. Wata motar kaya ce ta buge shi ta baya. Sunansa ba ya cikin lissafin waɗanda 'yan bindiga suka kashe, ko da yake tsoronsu ne ya sa direban gudu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ƙafar baya ce kaɗai ta lanƙwashe. Tsohon mai facin nan ya karɓi keken, ya kwana uku yana miƙe ta, ya ƙi karɓar ko kwabo. Ya cire giyar, ya ɗaura masa kariyar wani mataccen Phoenix. Ƙanen marigayin ne ke hawansa yanzu, yana kai tumatir kasuwa ran Talata, yana kuma barin kasuwar tun azahar, bisa umurnin mahaifiyarsu.